Daga fadamar Haɗeja zuwa makiyayar kunkurun teku

A ƙauyenmu da ke gefen kogin Haɗeja, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma ta jihar Jigawa, yaro yakan iya iyo tun kafin ya kai izu biyar a allo, sai dai ruwan da muka tashi a cikinsa mai laka ne, wanda idan mutum ya nutsa ba ya ganin ko tafin hannunsa. Da lalube masuntanmu suke sanin abin da ke ƙasa, su zaƙulo tarwaɗa daga saiwar kacalla, su gane kififiya tun kafin ta kai musu cizo. Don haka, lokacin da abokan karatuna a Alƙahira suka kawo shawarar mu yi hutu a Marsa Alam, wani gari a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar, abin da ya fi jan hankalina shi ne in ga ruwan da aka ce ana hango ƙasansa daga sama.

Da daddare muka hau doguwar mota, muka kwana muna tafiya kudu, muka wuce Gardaƙa da Safaga da Ƙusair, gari ya waye mana duwatsun hamada suna damanmu, Bahar Maliya tana hagunmu. Na daɗe ina kallonta ta taga, domin wannan ce tekun da kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suke isa bakinta a Sawakin ta ƙasar Sudan bayan tafiyar watanni ko shekaru, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Babu wani kogi mai gudu rani da damina da yake zuba a cikinta, ga zafin rana yana ƙone ruwan, shi ya sa gishirinta ya kai kimanin giram 40 a kowace lita, kuma rashin lakar koguna ne ya sa take garau.

Wurin da muka nufa shi ne Abu Dabbab, wani lungun teku mai tazarar kusan kilomita 30 arewa da garin Marsa Alam. Bakin ruwan cike yake da Turawa masu shan rana cikin shigar da ɗalibin addini zai so ya kawar da kai daga gare ta, kuma hakan muka yi. Aka ba mu gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun numfashi da ake kamawa da haƙori, da faffaɗan takalman roba na iyo. Jagoranmu, wani Bamisire mai ƙarancin magana, ya kafa mana sharaɗi kafin mu taɓa ruwa, cewa kada mu taɓa kowace dabba, kada mu bi ta da gudu, kada mu tsaya a kan duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa, kuma kada mu tare wa kunkuru hanya idan ya taso shan iska. Ga wanda aka rena a gidan masunta, inda duk abin da ya motsa a ruwa ake kai masa hannu, sharaɗin farko ya fi sauran nauyi.

A tsakiyar lungun, ƙasan ruwan fili ne na yashi wanda gajeriyar ciyawar teku ta rufe, kuma a nan na fara ganin kunkurun teku. Yana kwance a kan ciyawar, ƙoƙon bayansa ya kai tsawon mita guda, ya kafa hannayensa na gaba masu kama da filafili a cikin yashi, yana tsinkar ciyawa da baki yana taunawa a hankali kamar saniyar da ta samu fadama ita kaɗai. Kowane tsinka sai yashi ya ɗan tashi a gefen bakinsa. A bayansa akwai wasu dogayen kifaye biyu da suka manne da wani faifai da ke saman kansu, suna bin sa duk inda ya nufa. Ya san muna samansa, domin na ga ya juyo da ido ya dube mu, amma bai fasa kiwonsa ba. Can sai ya daina ci, ya buga hannayen nan sau ɗaya, wannan jiki da ya haura kilo 100 ya taso sama ba tare da wani wahala ba, ya wuce ni da tazarar da ba ta fi kamu biyar ba, ya fito da kai, na ji ƙarar fitar numfashinsa, ya shaƙi iska, ya koma ƙasa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wannan shi ne nau'in da ake kira koren kunkuru, saboda launin kitsensa, kuma shi ne kaɗai cikin nau'o'i bakwai na kunkurun teku da babbansa yake rayuwa kusan a kan ciyawa zalla. Da huhu yake numfashi, yana fitowa bayan 'yan mintoci idan yana kai-komo, amma idan yana barci yakan yi sa'o'i a ƙasa. Ba ya iya maƙale kansa cikin ƙoƙo irin na kunkurun tudu.

Daga baya na gwada nutso da tukunyar iska a baya, malamin nutso yana riƙe da ni. Ya koya mini in riƙa toshe hanci ina hurawa a hankali don kunnuwa su buɗe, tunda a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu, kuma ya ja kunnena kada in riƙe numfashi yayin tasowa. A jikin murjanin da ke gefen lungun na ga kifi mai baki irin na aku yana kankare dutse har ana jin ƙurus-ƙurus a cikin ruwa, da wani faffaɗan kifi mai ɗigon shuɗi da ya binne kansa a yashi, da kifin zaki mai ƙayoyi masu dafi. Duk da haka, a ganina kuɗin nutson bai biya ni kamar yadda bututun nan mai araha ya biya ni ba, domin kunkurun a ruwa marar zurfi yake kiwo.

Da na dawo gida hutu, na tarar da Baffa a rumfa yana ɗinkin raga, na miƙa masa waya ya kalli bidiyon. Ya sa na maimaita masa wurin tasowar, sannan ya ce, "To ɗana, duk wannan nama kuka zuba wa ido kuka taho?" Na ce, "Baffa, a mazhabarmu ta Malikiyya halal ne, amma dokar Masar ta hana kama shi, kuma akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta haramta cinikinsa." Na bayyana masa cewa macen takan shekara 20 ko fiye kafin ta fara ƙwai, sai ta koma yankin gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta, ta haƙa rami da daddare ta zuba kimanin 100, ta rufe ta tafi. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito, kuma zafin yashi ne yake raba maza da mata, idan ya haura digiri 29 mata su fi yawa. Masana suna ƙiyasta cewa ɗaya cikin 1,000 ne yake kaiwa girma, ga kuma ragar da masunta suka yar a teku tana sarƙe manyan su kasa fitowa shan iska. Wannan bai buƙaci ƙarin bayani ba, domin ya sha tsamo mataccen kifi daga tsohuwar ragar da wani ya bari a kogi.

Abin da ya fi tayar masa da tsimi shi ne labarin wata dabba da ke zuwa lungun kiwo, wadda ba mu yi sa'ar gani ba sai dogayen sawun da bakinta ya bari a cikin ciyawa. 'Yar'uwar ayu ce, sai dai wutsiyarta a rabe take gida biyu, ta ayu kuwa faffaɗa ce guda. Baffa ya san ayu tun zamanin da yake zuwa ci-rani kogin Binuwai, nan take ya ajiye ragar ya shiga ba yara labarinsa.

Da ya gama, ya tambaye ni ko akwai irin wannan kunkuru a Najeriya. Na ce akwai, suna fitowa yin ƙwai a gaɓar Legas da sauran bakin tekun kudu, har da nau'in mai bayan fata, wanda ya fi kowanne girma, yakan haura kilo 500. Ya ce idan na biya masa kuɗin mota zai je ya gani, amma in sani shi da gorarsa zai shiga ruwa, babu mai sa masa bututu a baki da furfurarsa.