Hunturuna na biyu a kan tafkin da ya daskare: kayan da ba a fita sai da su

'Yan uwana masu koyon fatsa a kan ƙanƙara, ina yi muku fatan alheri. Wannan ne hunturu na biyu da nake koyon wannan su a jihar Minesota ta Amurka, kuma daga tsakiyar Disamba zuwa yau na fita sau tara. A bara na fara da sayen sandar fatsa da ƙugiyoyi, domin a ganina su ne kayan masunci, kamar yadda homa da gora suke ga mai shiga ruwan Matan Fada a Argungu. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana kamun kifi a tafkunan arewacin jihar, shi ne ya sake mini lissafi. Ranar da ya fara fita da ni, sai da ya ga abin da zan gwada ƙanƙara da shi, da abin da zan fito da kaina idan ta fashe, kafin ya tambayi sandata.

Abu na farko da ya miƙa mini wani dogon ƙarfe ne mai nauyi, bakinsa kamar na dagin da ake haƙa rami da shi a gida, kuma dagi nake kiransa har yanzu. Mutum yana tafiya yana sarar ƙanƙarar da ke gabansa kafin ya ɗora ƙafa, idan kuwa bakin ya ratsa da sara ɗaya har ruwa ya ɓullo, to sai a juya ta hanyar da aka biyo. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce kada a taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, kuma wannan awon na sabuwar ƙanƙara ce garau mai kama da gilashi. Farar ƙanƙara, wadda dusar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa a kanta, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, saboda haka sai an ninka awon. Hukumar ta kuma ba da shawarar a sake aunawa aƙalla duk bayan ƙafa 150. Da farko na ɗauka an tsananta, sai ran fitata ta uku na auna inci 7 kusa da gaɓa, sannan na sami inci 4 da kyar a wurin da wani ɗan rafi yake shigowa tafkin, alhali a ido duk fili ɗaya ne. Tun daga ranar, abin awo bai sake barin aljihuna ba.

Na biyu su ne tsinkayen ƙarfe guda biyu masu mariƙi, kamar basilla, da igiya ta haɗa su ana ratayawa a wuya bisa riga. Wanda ya faɗa ruwa ba zai iya dafa jiƙaƙƙiyar ƙanƙara da hannu ya hau ba saboda santsi, amma idan ya caka tsinkayen, ya miƙe ƙafafunsa a baya yana harbin ruwa, zai iya jawo ƙirjinsa sama, sannan ya mirgina ya nisanci ramin ba tare da ya miƙe tsaye ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa da jiki a irin wannan ruwa: minti ɗaya na shawo kan numfashi, kimanin minti goma da gaɓoɓi suke iya aiki, da kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Waɗannan mintuna goma su ne dalilin da ba a ajiye tsinkayen a cikin jaka. Na ƙara da doguwar igiya ta jefa wa wanda ya faɗa, da ƙusoshin da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, kuma a bana na sayi riga da wando masu hana nutsewa, waɗanda su ne mafi tsada a kayana, ban kuwa yi nadamar kuɗin ba.

Sai bayan waɗannan ake maganar mahujin ƙanƙara. Nawa na hannu ne mai faɗin inci 6, kuma ya ishe ni ga ƙananan kifaye irin su crappie da bluegill. Masu neman manya sun fi son inci 8, amma ƙanƙarar da za a cire a ramin inci 8 ta kusa ninka ta inci 6, don haka mafi yawansu sun koma ga mai batir. Kuskuren da na yi a bara shi ne buga bakin mahujin a ƙasa domin kakkaɓe shi, kaifin ya dakushe, rami ɗaya ya riƙa cin mini lokacin ramuka uku. Yanzu da zarar na gama sai in mayar masa da murfinsa. Akwai kuma ludayi mai huda-huda na kwashe ɓarɓashi, domin bakin ramin yana sake daskarewa cikin ɗan lokaci.

Sandar fatsar gajera ce, tawa inci 28, tun da ba jifa ake yi ba, saki kawai ake yi ƙasa. Zaren siriri ne ƙwarai domin kifi a ruwan sanyi ba ya kai wawura, taɓawa kawai yake yi. Ƙugiyoyin da aka yi wa kai da ƙarfen tangistin sun fi na dalma saurin nutsewa saboda ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, ga su ƙanana yadda kifi ba ya tsorata, kuma ƙananan tsutsotsi nake sa musu a matsayin koto. Dokar jihar ta yarda da zare biyu a kan ƙanƙara a mafi yawan tafkuna, shi ya sa ƙwararru suke kafa tarko mai tuta a rami na biyu, wanda tutarsa take tashi idan kifi ya ja, da sharaɗin kada mai shi ya yi nisan da ya wuce ƙafa 200.

Abin da ya fi sauya mini fahimta a bana shi ne na'urar leƙen ƙasan ruwa ta Vexilar, wadda dattijon ya ara mini sau biyu. Tana aika sauti ƙasa, ta nuna abin da ya dawo a zagayayyen allo da launin kore, ruwan lemo da ja, kuma ja shi ne alama mafi ƙarfi. Na ga ƙugiyata a matsayin siririn layi, na ga wani layi ya taso daga ƙasa yana kusantarta yana komawa ja, na ɗaga sandar a hankali, kifin ya biyo ya kama. A ranar na gane cewa fitowata da dama a bara a kan ruwan da babu kifi na zauna. Duk da haka ba zan ce mai koyo ya fara da ita ba, domin tana da tsada, gara ya fara da kayan tsira da na ambata.

Game da tanti da hita mai gas, magana ɗaya ce nake roƙonku ku riƙe: a bar kafar shigar iska a buɗe, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. Kada a sa tufar auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Fitilar goshi ma dole ce, tun da a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, daidai lokacin da kifin walleye ya fi cin koto.

Har yanzu ban kama walleye ko ɗaya ba, kuma lokacin kamunsa yana rufewa a ƙarshen Fabrairu. Ranar Asabar, in Allah ya yarda, za mu nufi tafkin Mille Lacs, wanda yake da nasa dokokin kamu da ake sabuntawa, saboda haka zan karanta na bana kafin mu tashi. Na riga na sauya reza a bakin mahujin, saura in koyi daidaita zurfin zaren tarko mai tuta, wanda dattijon ya ce zai nuna mini a kan ramin farko.