Tsayuwa Kafin Fuska: Yadda Nake Zana Mutanen Labari a Kwamfuta

Zane a kwamfuta sana'a ce ga wasu, a wurina kuwa sha'awa ce da nake yi idan na tashi daga aikin da ke ciyar da ni, kuma ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne ƙirƙiro mutanen labari, wato a ɗauki mutumin da babu shi a duniya a ba shi jiki da tufafi da hali har mai kallo ya ji kamar ya taɓa haɗuwa da shi. Masu fara koyo sukan tambaye ni wace manhaja nake amfani da ita da kuma wane burushi, alhali abin da ya fi tasiri a aikina shi ne jerin da nake bi: me ake fara yi, me ake jinkirtawa. A ganina halin mutum yana fitowa ne daga tsayuwarsa da zubin jikinsa tun zanen yana ƙarami bai yi kyau ba, ita kuwa kwamfuta, saboda sauƙin da take bayarwa, tana rinjayar mai zane ya tsallake wannan mataki ya zarce wajen ƙawata ido da gashi.

Kayan aikina ba su da yawa. Ina amfani da Krita, manhajar zane ta kyauta, da ƙaramin allon zane na Wacom irin wanda ba ya nuna hoto a jikinsa, hannu yana kan tebur ido yana kan kwamfuta, abin da ke ɗaukar lokaci kafin a saba da shi. Wasu sun fi son Procreate, wadda ta fito a 2011 domin iPad, masu zanen labarai cikin hotuna da yawa suna riƙe da Clip Studio Paint ta ƙasar Japan, akwai kuma masu fitar da aiki mai kyau da ibisPaint a waya da ɗan yatsa kawai. Kamfanoni suna tallar alƙalumansu da cewa suna gane matakan danni 4096 ko 8192, amma ban yarda hannun ɗan koyo yana iya bambance su ba. Abin buƙata dai shi ne layi ya yi kauri idan an danna, ya sirance idan an sassauta.

Nakan buɗe shafi girman takardar A4 a kan ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke ba da fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, domin idan wata rana na so bugawa kada zanen ya dusashe. Sannan in mayar da bayan shafin ruwan toka, saboda fari fat yana gajiyar da ido, yana kuma sa kowane launi ya yi kamar ya fi duhu.

Kafin in ja layi ko ɗaya, sai na rubuta jimla biyu ko uku game da mutumin. Wanda nake aiki a kansa a kwanakin nan tsoho ne mai gyaran agogo, kuma ga abin da na rubuta a kansa: ya shafe rayuwarsa a sunkuye a kan ƙananan abubuwa, ba ya son a katse shi, hannunsa ya fi bakinsa magana. Waɗannan jimloli su ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya. Idan na zana masa kafaɗu masu faɗi a miƙe, na saɓa wa jimla ta farko. Idan na buɗe masa baki yana dariya, na saɓa wa ta uku.

Daga nan sai ƙananan zane, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba a kan allo, da burushi mai kauri wanda ba zai bari a saka ido ko hanci ba ko da an so. Nakan cika shafi da su, kuma doka ɗaya nake bi, ita ce ba a zuƙowa, wato ƙara girman zanen a kan allo, ba a kuma gogewa. Kowanne yana farawa da layi guda mai lanƙwasa da ke bin ƙashin baya tun daga kai har zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. A wajen tsohon nan layin ya tanƙware gaba a sama, wuya ya zarce gaban ƙirji, kai ya rigayi sauran jiki, domin haka jikin wanda ya daɗe yana leƙa cikin agogo yake komawa. A kan wannan layi ake ɗora manyan siffofi. Masu zanen katun sun daɗe suna aiki da fahimtar cewa da'ira tana nuna laushin hali, murabba'i yana nuna ƙarfi da tsayuwa a kan magana, alwatika kuma tana nuna kaifi ko haɗari. Ban ɗauke ta a matsayin doka ba, domin idan aka bi ta sau da ƙafa duk mugu sai ya fito da haɓa mai tsini, kuma mai kallo ya gane shi tun kafin labari ya fara. Amma tana da amfani wajen bambanta mutum biyu da za su tsaya a hoto ɗaya. Tsohon na gina shi da dogayen siffofi sirara, jikarsa kuma, yarinya marar haƙuri da ke taya shi aiki, na gina ta da gajerun da'irori, ta tsaya a kan yatsun ƙafa kamar za ta ruga.

Gwajin da ke raba mai kyau da marar kyau a wannan mataki shi ne in cika zanen da baƙi ƙirin, ya zama babu abin da ya rage sai zubinsa na waje. Idan a haka ana iya gane cewa tsoho ne, a sunkuye yake, yana riƙe da wani ƙaramin abu kusa da fuskarsa, to an samu mutum. Idan ya koma dunƙulen baƙi, babu gyaran ido ko inuwa da zai cece shi daga baya. A nan ne ake gane dalilin da ya sa ake raba hannu da gangar jiki: muddin gwiwar hannun tsohon tana manne da haƙarƙarinsa, hannun ya ɓace a cikin baƙin, amma da an ɗaga ta kaɗan sai wani ɗan sarari mai kusurwa uku ya buɗe tsakanin hannu da ƙirji, hantsakin da ke tsakanin yatsunsa ya fito fili, sana'arsa ta bayyana ba tare da an zana agogo ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan ɗan baƙin zubi shi ne Larabar zane.

Wanda ya ci gwajin shi nake faɗaɗawa, in rage masa ƙarfin launi har ya dusashe, in buɗe sabuwar leya a samansa, wato wani shafi mai shara-shara da ake zane a kansa ba tare da an taɓa na ƙasa ba. Leya dai ita ce babbar ni'imar zanen kwamfuta, kuma ba sabon tunani ba ne, domin masu zanen katun na da a kan takardun roba masu shara-shara suke zane su jera su a kan juna. Photoshop ta shigo da tsarin a fitowarta ta uku a 1994, yanzu kuwa da wuya a sami manhajar zane da ba ta da shi. A wannan leya ta biyu ake gina jiki. Ana auna tsawon mutum da kansa: baligi yakan kai kai bakwai da rabi, jarumai a kan ja su zuwa takwas, ƙaramin yaro kuwa kansa ya fi girma idan aka kwatanta da jikinsa, shi ya sa jikar na ba ta kai biyar da ɗoriya. Ƙirji da ƙugu nakan zana su a matsayin akwatuna biyu da ƙashin baya ya haɗa, kuma da wuya su daidaita: idan nauyi ya koma ƙafar dama, ƙugu yakan ɗaga ta dama, kafaɗar dama ta sauko. Sai a sauke layi a miƙe daga ramin wuya zuwa ƙasa. In bai faɗa a kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi ko tsakanin ƙafafu ba, mutumin faɗuwa yake yi ko da mai kallo bai iya faɗin abin da ke damunsa da hoton ba.

Sai yanzu fuska ta zo, kuma da gangan ta zo a makare. Ƙwallo ake fara zanawa, a datse gefensa biyu, a rataya muƙamuƙi, a ja layin tsakiya da layin gira domin a san inda kan yake kallo. Idanu suna tsakiyar kai ne idan aka auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa, kunne kuma yana tsakanin gira da ƙasan hanci. Kusan duk ɗan koyo yakan ɗaga idanu sama ya cinye goshi, saboda hankalin mutum fuska yake ba muhimmanci ya manta da ƙoƙon kai. Tsohon na runtse masa ido ɗaya fiye da ɗaya, na hagu ya saba riƙe gilashin ƙara girma, na kuma taƙaita tamoji a wurare uku kacal: goshi, gefen ido, da layin da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki. Tsufa a ƙashi yake fi bayyana, a kuncin da ya faɗa da ramin ido da ya zurfafa, kuma yawan layuka a fuska datti kawai yake ƙarawa. Hannu kuwa, tun da na rubuta cewa ya fi bakinsa magana, ya ci lokaci fiye da fuskar. Nakan ɗauki hoton hannuna riƙe da alƙalami in duba yadda gaɓoɓin ke jeruwa a kan baka, da yadda ƙaramin yatsa ke ɗagewa shi kaɗai idan ana aikin da ke son natsuwa. Duba hoto ko madubi ba ha'inci ba ne, masu zane sun dogara da abin da suke gani tun fil azal.

A tsakanin duk waɗannan matakai ina yawan juya shafin, dama ta koma hagu. Ido yakan saba da karkacewar da hannu ke yi har ya daina ganinta, amma da zarar an juya sai ka ga haɓa ta zame gefe, ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, jikin gaba ɗaya ya jingina. Leonardo da Vinci ya ba masu zane shawarar su duba aikinsu a madubi saboda wannan dalili. Mu yanzu maɓalli ɗaya muke dannawa.

Tsaftataccen layi shi ne matakin da kwamfuta ta fi cutar da mai zane a cikinsa. Maɓallin komawa baya yana ba da damar a ja layi ɗaya sau da yawa har sai ya yi santsi, zuƙowa kuma tana ba da damar a ɓata rabin dare a kan gashin gira da ba wanda zai gani idan hoton ya koma girmansa. Sakamakon shi ne zane mai tsafta wanda ransa ya fita, har ka ga ɗanyen zanen da ke ƙasa ya fi shi motsi. Maganin da na samu shi ne in ja dogayen layuka daga gwiwar hannu da kafaɗa da sauri, in bar wuyan hannu domin ƙananan wurare, in kuma rage ƙarfin na'urar da ke daidaita rawar hannu, domin idan ta yi yawa duk kusurwa sai ta koma lanƙwasa, kuma mutum irin tsohon nan a kusurwoyinsa halinsa yake. Layi yana yin kauri a inda abu ya juya baya ga haske ko ya hau kan wani, kamar ƙarƙashin haɓa da hammata, ya sirance a inda haske ke bugu, wani lokaci ma a bar shi a yanke, idon mai kallo zai ƙarasa.

Launi ba ya ɗaukar mini lokaci sosai. Nakan fara da ruwan toka kala uku, mai haske da matsakaici da mai duhu, in tabbatar cewa wuri mafi haske da wuri mafi duhu sun haɗu a inda nake son ido ya fara sauka, wato hannun da fuskar. Bayan haka kowane sashe ya sami launinsa a shimfiɗe a leyarsa, sannan inuwa a wata leya daban da aka sa a yanayin da ke duhunta abin da ke ƙarƙashinta, da launi mai ɗan shuɗi ko shunayya maimakon baƙi, domin baƙi yana kashe launin fata. Haske daga wuri ɗaya yake zuwa, a nan fitilar teburinsa ce daga hagu, ƙasa-ƙasa.

Mutumin labari bai kammala ba sai an iya maimaita shi, saboda haka aiki na ƙarshe shi ne shafin da ke nuna shi ta gaba, ta gefe, ta kusurwa, da ta baya, tare da layuka a kwance da ke tabbatar da cewa kafaɗa da ƙugu da gwiwa suna tsawo ɗaya a kowanne, sai kuma jerin fuskoki: fushi, mamaki, gajiya, da murmushin da ba ya son a gani. Hoton baya shi ya fi tona asiri, domin babu ido babu baki da za a fake da su; tsohon ta baya doron kafaɗunsa ne kawai da wuyan da ya nutse da gwiwar hannun da ta ɗaga, jikar kuma dugaduganta da ba su taɓa ƙasa ba. Idan sun tsaya a haka, sai in adana ainihin fayil ɗin da leyoyinsa duka a tsarin Krita, in fitar da kwafi a tsarin hoto na PNG domin layukan su fita tas, saboda tsarin JPEG yana matse hoto ya bar ƙura-ƙura a gefen layi. Shafin ƙananan zanen farko ma ba na share shi, domin a cikin waɗanda ba su dace da mai gyaran agogo ba akwai wani dogo mai faɗin kafaɗa da ya yi kama da direban jirgin ruwa, kuma shi ne zan ɗauka a gaba.