Rabin bar da ke ɓata tsakanin Kwatano da Tahoua

A garejin da na koyi aiki a Tahoua, agogon awon matsin inji yana cikin akwatin maigida, ba kowane yaro ake miƙa wa ba. Lambar da allurarsa ta tsaya a kai tana iya sa a sauke inji, a sayo segman (zoben fistan), a kai kulas (kan inji) gyara, kuma mai mota ne zai ji a aljihunsa. Awon kansa ba wuya: inji ya yi zafi, a cire buji duka, a yanke wuta da mai, a ɗaura agogon a ramin buji, yaro ya taka totur har ƙasa ya murza makulli, allura ta yi ta tsalle har ta tsaya. Karanta lambar, nan ne gizo ke saƙar.

Lambar da ke cikin littafin mota ta bakin teku ce. Fistan ba ya ƙirƙirar iska, wadda ya tarar yake matsewa. Bar shi ne ma'aunin matsi da agogon ke nunawa: a Kwatano ko Lome nauyin iska bar ɗaya ne da ɗan ɗoriya, 1013 a ma'aunin masu hasashen yanayi, kuma duk mita 100 da ka hau yana raguwa da kashi 1 cikin 100 da 'yan kai. Iskar da ta shiga silinda da sauƙi, da sauƙi za ta tura allura, ko da injin jiya ya fito daga kamfani.

Yamai tana kan mita 200 da wani abu, abin da ke raguwa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Tahoua ta kusa mita 400, wato kashi 4 zuwa 5. Agadas ta kai 500, kusan kashi 6. Injin da ya ba da bar 12 a bakin teku zai ba ka kamar 11.5 a nan Tahoua. Ka kai shi Jos, mita 1,200, ya sauko kusa da 10.4. Da mota na hawa ƙololuwar dutsen Bagzan na arewacin Nijar, mita 2,022, da allura ba ta kai 9.5 ba, alhali babu abin da ya taɓa injin.

Wani Alhaji ya taɓa kawo mana mota da takardar awon da aka yi mata a Kwatano kafin ya biya kuɗi. Takarda ta ce 12, agogonmu ya ce 11.5 a silinda huɗun, ba wadda ta kauce. Ransa ya ɓaci, yana cewa dillali ya cuce shi. Maigida ya goge hannu da tsumma, ya jera lambobin huɗu da alli a kan murfin inji, ya ce: "Alhaji, dubi yadda suka zo daidai. Da ciwo ne, da ɗaya ta fi 'yan uwanta faɗuwa. Wannan hawan hanya ne." Ya ƙi taɓa injin, duk da aikin kuɗi ne ya zo har gida.

Abin da na riƙe ke nan: tudu yana rage wa kowace silinda daidai da 'yar uwarta. Lalacewa kuwa zaɓe take yi. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, kada kowa ya kawo maka zancen tudu. Zuba mata ɗan man inji ta ramin buji, kamar cokali guda, ka sake awo. In allura ta haura sosai, segman ne suka cinye. In ta tsaya inda take, nemi bawul. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, yawanci gasket ɗin kulas ne ya ƙone a tsakaninsu.

Gaskiya dai, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rabin bar ba ya kashe kowa sai in inji yana dab da iyakar da littafi ya yanka. Na ga masu gyaran da suka ji wannan bayani suka mai da shi mafaka, duk lambar da ta yi ƙasa sai su ce tudu ne. Batirin da ya gaji, ko yaron da ya manta bai taka totur ba, kowannensu yana iya cin abin da ya fi tudun Tahoua. Shi ya sa kafin in yi lissafin mita, kunnena na kan demare, wato abin da ke juya inji in an murza makulli, in ji ko yana juyawa da ƙarfi.

A injin gazuwal, irin na Land Cruiser da ke bin hanyar Agadas, lambar kan kai bar 30, don haka kashi 5 ɗin nan bar ɗaya da rabi ne, ya isa ya tsorata mai mota. Direbobi kan ce tasu mai turbo ce, tudu bai shafe ta ba. A kan hanya suna da gaskiya, turbo, da hayaƙin inji ke kaɗawa ya ƙara cusa iska a silinda, yana cike mafi yawan giɓin. Amma lokacin awo demare ne kaɗai ke juya inji, babu hayaƙin da zai kaɗa turbo, iskar gari ce kawai ke shiga. Yanzu duk takardar awon da na rubuta, ina sa sunan garin da aka yi shi a gefen lambobin.