Saƙon godiya daga gidanmu bayan dawowar Baba

Alhamdu lillahi. Baba yana gida bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya same shi, yana zama da kansa a bakin gado, magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Sauran kun sani tun muna likita. Wallahi mun gaji, amma dole mu yi godiya.

Liman ya hana a ambace shi, sai dai ya yi haƙuri. Ciwon ya kama ɓarin dama, ya tafi da hannu da harshe tare, kamar yadda yakan yi idan hagun ƙwaƙwalwa ya taɓu. Baba ya ƙi abinci, muka ɗauka haɗiya ce ta gagara. Ashe kunyar ci da hagu gaban ƴaƴansa ce, ga baƙin cikin a ba shi a baki. Liman ya fitar da kowa daga ɗakin, ya gaya masa lalura ce, babu laifi a kansa, ya aje kwanon kunu ta hagunsa. Da muka shigo, kwanon ya yi rabi. Allah ya saka maka da Aljanna Firdausi, Malam.

Mai kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓin majinyaci, ya koya mana aikin da hannunsa. Juyi duk awa 2, dare da rana, don gudun gyambon kwanciya. Ba a ɗaga shi ta shanyayyen hannu, kafaɗar gocewa take yi, sai a tallafe hannun da matashi. Wajen sa riga da hannun a fara, wajen cirewa shi ne ƙarshe. Abinci a zaune, kunu mai kauri domin ruwa ya fi sarƙewa, kuma ba kwanciya sai bayan minti 30. An rage gishiri da magi, maganin tansiyo, wato hawan jini, kuwa ba a barinsa don an ga sauƙi.

Abin da ya fi nauyi shi ne gidan kansa. Yaya ke riƙe da shago a Babbar Kasuwa yanzu, amma kullum bayan Magariba yana kawo littafin lissafi gaban Baba, kuma Baba ne ke miƙa wa Inna kuɗin cefane da hannunsa. Wanka da kewayawa na maza ne, don kada a tauye masa mutunci. Gwaggo ta Tibiri, ke da kike karɓar Inna kwana don ta samu barci, Allah ya raya miki zuri'a, ya sa kada ki ga irin wannan rana.

Akwai dangin da muryarsu kawai muka ji a WhatsApp, alhali muna gari ɗaya. Allah ya sa uzuri ne.

Ya Allah ka ba Baba lafiya mai ɗorewa, ka mayar masa da harshensa ya kira mu da sunayenmu, ka tashi kafaɗun duk majinyatan Maraɗi. Amin.

Masu dubiya, bayan La'asar ya fi, mutum biyu-biyu. Ku yi magana da shi kansa, yana fahimta. Ku yi tambayar i ko a'a, ku jira amsa. In kun ga hawaye kada ku tsorata, ciwon yana kawo haka.