Abin da ya sa na zaɓi aikin shara a Disney

A da, duk ɗalibin da ya nemi shiga shirin koyon aiki na Disney a jihar Fulorida ta Amurka yakan ci karo da wani jeri a cikin fom. Lokacin da na cike nawa a 2018, an jero ayyuka ne, kowanne sai ka nuna ko kana son sa sosai, ko tsaka-tsaki, ko kaɗan, ko ba ka so sam. Akwai kula da lilo da jiragen wasa, da sayar da tsaraba, da ɗakin abinci, da gyaran ɗakunan otal, da gadin masu ninkaya, da ɗaukar hoto, da shara. Bayan fom sai a yi maka tambayoyi ta waya, daga nan kamfani ya ba ka aiki guda, ka karɓa ko ka haƙura. Ɗan jerin nan shi zai yanke yadda rayuwarka za ta kasance tsawon watanni, amma yawancin ɗalibai suna kawai suke dubawa, wato wanda zai yi daɗin faɗa a gida.

Tun 1981 ake gudanar da shirin, shekara goma bayan buɗe Walt Disney World kusa da birnin Olando. Wurin gari ne guda: manyan wuraren wasa huɗu, na wasan ruwa biyu, otal fiye da 20, ma'aikata sama da 70,000 a wancan lokacin. Saboda haka sunan aiki bai gaya maka komai ba tukuna, domin ba kai ke zaɓar inda za a kai ka ba. Wanda aka ba sayar da tsaraba zai iya samun kansa a babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, ko kuma a bakin keken balan-balan cikin rana.

Kafin in cike fom ɗin na nemi waɗanda suka taɓa yi a jami'armu, kuma ban tambaye su ko aikin da daɗi ba. Abin da na so in ji shi ne: ƙarfe biyu na rana a ina kake tsaye? Me hannunka yake taɓawa? Idan lokacin salla ya yi, akwai yadda za ka matsa? Amsoshinsu suka sauƙaƙa mini. Ɗakin abinci ya fita tun farko, don wurare da dama ana dafa naman alade, a EPCOT kuma, ɗaya daga cikin manyan wuraren wasan huɗu, ana sayar da giya a rumfunan ƙasashe. Gadin masu ninkaya yana da gwajinsa, har da nutso a ɗauko bulo daga ƙasan ruwa, kuma mai gadin ba ya ɗauke ido daga kan ruwa sai wani ya karɓe shi. Shigar Mickey Mouse da 'yan uwansa kuwa sai an gwada ka, an auna tsawonka.

Aikin lilo shi kowa ke rububi, kuma ban raina shi ba. Abokin ɗakina a can ya yi, na ga yadda ya koyi natsuwa: duba ƙarfen kariya na kowace kujera, ya jira alamar hannu daga abokin aikinsa kafin ya danna maɓalli, ya hana yaron da tsawonsa bai kai ba ko da uban yana faɗa. Sai dai jimla ɗaya yake maimaitawa tun safe har dare, yana zagaya wurare uku ko huɗu. Ni na san halina, tsayuwa wuri ɗaya tana kashe mini jiki. Na sa shara a sahun farko, aka kuma ba ni, a wurin wasan Magic Kingdom, daga Janairun 2019.

Da na kira gida, Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Shara fa ka ce? Karatun otal muka tura ka ka yi." Na ce, "Baba, otal ɗin ma da shara yake tsayuwa, a yi mini addu'a." Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Ba a raina sana'a." Na gane damuwarsa. A wurinmu wanda ya kai jami'a ba a tsammanin ganin sa da tsintsiya, kuma wannan tunani ne da nake ganin yana cutar da mu, domin shi ya sa muke da manajoji da yawa da ba su san minti nawa wankin bayi yake ci ba.

Mai shara a can fararen kaya yake sawa, tas, da tsintsiya a hannu ɗaya, abin kwashe shara mai dogon mariƙi a ɗaya. Wasu ranaku a ba ka titi, wasu ranaku a ba ka bayi. A wancan lokacin Magic Kingdom na karɓar baƙi sama da miliyan 20 a shekara, kuma ana so kowa ya tarar da ƙasa kamar ba a taɓa taka ta ba. Kwandunan shara kusa-kusa suke, ba a sayar da cingam ko'ina a ciki, kuma manajoji da kansu suna yawo da sandar tsinto takarda. Abin da ya fi burge ni yana ƙarƙashin ƙafar baƙi. Ruwan ƙasa a Fulorida kusa yake, don haka aka fara gina hanyoyin ma'aikata a kan ƙasa, aka rufe su, sannan aka ɗora wurin wasan a samansu. A nan ƙasa ake canza kaya, ake cin abinci, kuma akwai manyan bututu da ke zuƙe shara da ƙarfin iska zuwa matattara. Kana zaune kana hutu sai ka ji ta wuce ta samanka da ƙara.

A lokacin, da ƙarfe uku na rana ake jerin gwanon motocin ado. Da zarar motar ƙarshe ta wuce, mu ne a bayanta, a jere, muna kwashe gugguru da kofuna kafin jama'a su cika titin. A nan na fahimci abin da aka koya mana ranar farko, cewa abubuwa huɗu ake dubawa kuma a jere suke: tsaron lafiya, ladabi, kyan gani, sannan saurin aiki. Idan yaro ya yi amai a tsakiyar hanya, ba gogewa za ka fara ba. Za ka tsaya a gaban wurin don kada wani ya zame, ka kwantar wa uwar hankali don kunya ta kama ta, sannan ka zuba garin da ke tsotse ruwan ka share.

Mai shara kuma shi kowa ke tambaya, saboda shi ne ba ya bayan kanta ko igiya. Ina bayi, ina ake samun ruwa, yarona ya ɓata. Yaron da ya ɓace wa iyayensa sai ka durƙusa daidai tsawonsa, ka nuna masa sunanka a ƙirji, ka tsaya tare da shi a inda ka same shi na ɗan lokaci, don galibi iyayen suna kusa. Idan an samu sarari, akwai wata al'ada ta masu shara: ka tsoma tsintsiya a ruwa ka zana fuskar Mickey a kan siminti, da'ira babba, kunnuwa biyu, idanu, hanci. Yara su kewaye ka suna kallo, kafin ka gama gefe ɗaya rana ta fara busar da ɗayan. Wata dattijuwa da ta daɗe a aikin ita ta koya mini riƙon tsintsiyar.

Azumin 2019 ya faɗo a watan Mayu, daidai lokacin da zafin Fulorida ke tashi da gumi mai nauyi, kuma daga asuba zuwa magariba ya haura awa 14. Tun kafin watan ya kama na sanar da shugabar sashenmu, na riƙa musayar aiki da abokai don in samu na yamma ko na bayi, inda akwai inuwa. Haka na yi wa Juma'a ma. Wannan kuwa sai da na riƙa ramawa, ina karɓar musu Asabar da Lahadi, domin sharaɗin shirin shi ne kana nan kowace rana da aka buƙace ka, har ranakun hutu. Kuɗin haya daga albashi ake cirewa duk mako, don haka ba ka wasa da awanninka.

Ba kowa zan tura shara ba. Wanda wari ke tayar masa da zuciya, ko ƙafarsa ba ta jure doguwar tafiya, zai sha wahala, kuma babu amfanin ya ɓoye wannan lokacin neman aikin. Wata ƙanwarmu da ke karatu a wata jiha ta tambaye ni bara, na ce mata tsarin neman ya canza tun bayan da korona ta dakatar da shirin a 2020, don haka ta karanta na yanzu da kyau, ta kuma faɗi maganar salla da sutura tun farko. Ita sayar da tsaraba take so. Na ce ta shirya wa dare, domin kantunan babban titin shiga su ne ke rufewa a ƙarshe, sai bayan an tsayar da lilo baƙi suke tururuwar saye.