Asabar, da maganar da Auta ya faɗa min

Yau lafiya lau na tashi wlh, an kawo wuta tun asuba har na goge kayan sati gaba ɗaya, Umma kuma ta yi mana waina da miyar taushe. Anti ta kira kan ankon bikin nan, har yanzu tela bai gama ba.

Bayan la'asar Auta ya shigo da laftof ɗin abokinsa wai dole sai na kalli fim ɗin Kanye West ɗin nan na Netflix, jeen-yuhs, wanda ya fito a 2022, shi ya kalla ya fi sau uku amma kullum kamar yau ya fara gani. Kashi uku ne, mun kalli na farko da rabin na biyu. Wani ɗan Chicago ne, Coodie, ya ajiye sana'arsa ta barkwanci ya ɗau kyamara ya dinga bin Kanye sama da shekara 20, tun lokacin da ba a ɗauke shi mawaƙi ba, mai haɗa wa su Jay-Z kiɗa kawai aka san shi.

Akwai wajen da Kanye ya shiga ofishin kamfanin waƙa na Roc-A-Fella a New York yana bi ɗaki ɗaki, ya kunna waƙarsa yana rerawa a gaban ma'aikata da duk ƙarfinsa, su kuma kallo sama-sama, ana shiga ana fita, hankalin kowa na kan aikinsa, haka ya tattara ya fito. Waƙar nan kuma ita ce ta zo ta fito a album ɗinsa na 2004 duniya ta ɗauka. Auta ya dinga nuna min abin da masoyansa ke rubutawa a kan wajen nan, wasu zagin ma'aikatan suke, wasu na cewa sun yi kewar Kanye na da, wasu kuma sun ce ko kyauta ba za su kalla ba saboda maganganun da ya zo yana saki daga baya. A grup ɗin su Auta kuwa kowa cewa yake shi ne wannan yaron da aka wulaƙanta.

Ni ma raina ya ɓaci, na ce gaskiya mutanen nan ba su kyauta ba, ko minti uku ba za su iya ba shi ba? Auta bai ko kalle ni ba, ya ce, "Yaya, ai ke ma haka kika yi min." Na ce kamar yaya? Ya ce waƙar da ya turo min tun kafin sallah, na sa masa babban yatsa amma ban buɗe ba, yana dubawa kullum. A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba, ya ci gaba da kallonsa.

Daga nan ban ƙara fahimtar komai sosai ba. Na dai ga haɗarin motar 2002 da aka ɗaure wa Kanye muƙamuƙi da waya ya shiga situdiyo a haka. Amma mahaifiyarsa Donda ce ta tsaya min a rai, malamar jami'a guda, da aikinta da komai, ta haddace baitocin ɗanta tana rera masa yana dariya. Ta rasu a 2007. Ni ba uwar Auta ba ce, amma ni na goya shi, kuma tun rasuwar Baba duk abin da ya yi ni yake fara kawo wa. Ban ma ƙi waƙar ba balle in ce ra'ayina ne, mantawa na yi kawai, kuma wannan ɗin ne ya fi damuna.

Tuwon dare ma kaɗan na ci. Umma ta tambaya na ce kaina ne.

Sai da kowa ya kwanta na nemo saƙon, can ƙasa ƙarƙashin hotunan anko. A zaure ya ɗauka da waya, ana jin ƙarar janaretan maƙwabta a baya, muryarsa na rawa a farko sannan ta zauna. Akwai baiti a kan hular Baba da har yanzu ke rataye a ƙusa. Sau huɗu na ji. Na je ƙofar ɗakinsa na tarar ya yi barci da iyafis a kunne, ban tashe shi ba.

Gobe da sassafe zan koma wajen tela.