Karen Wane Ne?

Na yi shekara 6 ina aiki a sashen kula da dabbobi na wata ƙaramar hukuma, a ƙarƙashin wani likitan dabbobi da ya girme ni nesa ba kusa ba. Lokacin da na fara, na ɗauka aikinmu kama karnuka ne kawai: a kira mu, mu je da igiya da keji, mu ɗauke kare daga unguwa, jama'a su huta. Ban cika sati biyu ba aka kawo ƙarar da ta rushe wannan tunanin.

Kare ne ya ciji wani yaro a ƙwauri. Kafin mu isa, samari sun taru da sanduna da duwatsu, karen kuma ya shige ƙarƙashin wata matacciyar mota. Ni har na fara warware igiya. Likita ko kallon motar bai yi ba. Wajen uwar yaron ya nufa, ya ce, "Baiwar Allah, an wanke ciwon?" Ta ce an shafa magani an ɗaure da ƙyalle. Ya sa aka kwance, aka kawo sabulu da ruwa, ya zuba wa agogonsa ido, aka yi ta wankewa yaron yana kuka har minti 15 suka cika. Sai da ya tura su asibiti a fara allurar riga-kafin ciwon haukan kare, sannan ya juyo ga taron ya ce, "Karen wane ne?"

Wurin ya yi tsit. Daga baya kowa ya ce ai karen ba shi da ubangida, yawo kawai yake yi. Wata ƙaramar yarinya ce ta nuna wani gida da yatsa. Mai gidan ya fito ya rantse bai taɓa ganin karen ba, karen kuwa da ya ji muryarsa sai ya fara kaɗa wutsiya daga ƙarƙashin motar.

Likita bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Malam, in aka kashe karen nan aka jefar, mun rasa shaidar da za ta gaya mana halin da yaron yake ciki. Ka taimake mu ka kira shi." A hanyarmu ta komawa, karen yana bayan mota cikin keji, ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Karen da ƙwayar cutar hauka ta riga ta kai yawunsa ba ya wuce kwana 10 ba tare da ciwon ya bayyana a jikinsa ba, ko ya mutu. Shi ya sa dokoki a wurare da yawa suka ce a tsare karen da ya yi cizo na kwana 10 ana lura da shi. Wanda aka ciza ba ya jiran kwanakin, yana fara allura nan take. Amma abin da ya sami karen shi ke nuna wa likitoci ko a ci gaba, kuma shi ke nuna ko akwai wasu mutane da dabbobin da za a bi sawu. In kare ya mutu, sai an kai ƙwaƙwalwarsa ɗakin gwaji kafin a tabbatar, gawar da aka wurga a juji kuwa ba ta da amfanin komai.

Karen ya yi kwanakinsa 10 lafiya lau. A daren farko na ɗauko kundin dokar da aka ba ni ranar da na fara aiki, wanda na jefa a aljihun tebur ban buɗe ba. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Rajista, allurar riga-kafi, hana dabba fita ba igiya, kai rahoton cizo, biyan diyyar ɓarna. Kowane sashe da kalma ɗaya yake farawa ko yake ƙarewa: mai dabba. Babu layi ko ɗaya da aka rubuta wa kare. Da mutum ake magana, kuma in ba a san mutumin ba, kundin gaba ɗaya takarda ce kawai.

Sai da na daɗe a aikin na fahimci dalilin da ya sa Likita ba ya wasa da batun ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro shi ke wasa da kwikwiyo, shi ke gudu kare ya bi shi, shi ne kuma ke ɓoye ɗan ƙaramin cizo don kada a yi masa faɗa a gida. Cutar takan kwanta a jiki wata 2 zuwa 3, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, ciwon ya warke kowa ya manta. Da zarar alamu sun fito, tsoron ruwa da firgita da sauransu, da wuya ƙwarai a tsira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ba sabo ba ne. Tun a 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar farko a Faransa, yaron ya rayu. Ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da cutar, ranar mutuwar Pasteur ce. Yau fiye da shekara 130 ke nan, yara na mutuwa saboda wani babba bai kai karensa an yi masa allura ba.

Duk lokacin da aka yi mummunan cizo, kiran da ake yi ɗaya ne: a kashe karnukan unguwa duka. Na fahimci masu wannan kira, domin wanda ya ga ƙafar ɗansa a yage ba lissafi yake so a yi masa ba. Sau ɗaya umarni ya zo daga sama, muka yi sati muna kwashe karnuka. Ina cikin waɗanda suka yi, kuma a lokacin na yarda daidai ne. Titunan suka yi shiru na ɗan lokaci. Kafin shekara ta zagayo karnuka sun dawo, baƙi waɗanda ba mu sani ba. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Dalilin a fili yake in mutum ya tsaya ya duba. Jujin da ke ciyar da karnukan yana nan ba mu taɓa shi ba, abinci kuwa ba ya rasa mai ci. Karya takan ɗauki ciki na kusan kwana 63, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, don haka gurbin da aka bari ba ya daɗewa. Sannan waɗanda suka fi sauƙin kamawa su ne masu sabo da mutane, wato su ne galibi aka yi wa allura. Mun kwashe masu riga-kafi, muka buɗe wa marasa riga-kafi ƙofa. Wasu masu karnukan kuma da suka ji labarin zuwanmu sai suka kai nasu wasu unguwanni suka ɓoye, in akwai mai ɗauke da cutar a ciki, ta bi su.

Daga baya na karanta abin da ya faru a tsibirin Bali na Indonesiya, inda cutar ta ɓulla a 2008. An kashe karnuka masu yawan gaske, cutar ba ta tsaya ba. Sai da aka koma yi wa karnukan tsibirin allura gaba ɗaya daga 2010 mutuwar mutane ta ragu sosai. Masana sun daɗe da cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka kuma riƙa maimaitawa, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Meziko ta bi wannan hanyar shekara da shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta, har a 2019 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da ciwon haukan da ake samu daga kare a matsayin barazana ga lafiyar jama'a.

To amma yaya za a kai ga kashi 70 in kowa yana cewa karen ba nasa ba ne? A nan na fi daɗewa ina koyo. Mafi yawan karnukan da muke kira na yawo suna da gidan da suke kwana da hannun da ke ba su abinci. Da safe ake buɗe musu ƙofa. Mutane suna musunsu ne saboda abin da suka sani game da mu bai wuce cin tara ba. Wasu ƙasashe sun warware matsalar da na'ura: a Ingila tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare wata 'yar mitsitsiyar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da ke kai ga sunan mai shi, a 2024 kuma aka haɗa da kyanwoyi. Mu ba mu da wannan. Abin da muke da shi littafin rajista ne da kati da abin wuya mai launi.

Likita ne ya ce mu daina jiran mutane a ofis. Muka riƙa kafa tebur a cikin unguwanni ranakun da ba makaranta, muka kuma sanar cewa duk wanda ya kawo dabbarsa a ranar ba za a tambaye shi abin da ya wuce ba. Yara ne suka cika layin. Su suka san sunan kowane kare, su karen ke bi ba gardama. A yini guda mukan rubuta sunayen da ba mu samu a wata uku ba. Ban ce a soke tara ba, tana da ranarta. Amma dokar da bin ta ya fi ɓuya wahala, ɓuya za a yi.

Akwai ɓangaren dokar da na daɗe ina ɗauka ƙari ne kawai, wato haƙƙin dabba a kan mai ita. Wata rana maƙwabta suka kawo ƙarar wani kare mai haushi dare da rana. Muka same shi ɗaure da gajeriyar sarƙa a tsakiyar rana, ba inuwa, kwanon ruwansa a bushe, sarƙar ta ci wuyansa har ƙudaje na bi. Mai shi ya ce da gangan yake yi, wai yunwa da ɗauri ke sa kare zafin gadi. Likita ya ce masa, "Malam, wanda kake horarwa ba ɓarawo zai fara samu ba. Ɗan gidanka ya fi kusa da shi." Karen da ya girma cikin tsoro, bai saba da mutane ba, ba shi da wurin gudu, cizo kaɗai ya rage masa. Dokar jin daɗin dabbobi ta Ingila da Wales ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta wurin zama da ya dace, da abincin da ya dace, da damar yin abin da irinta ke yi, da zama tare da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon halinta, da kare ta daga ciwo da wahala. Da na karanta sai na ga ashe tausayin dabba da tsaron maƙwabci igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Shi ya sa ban gamsu da dokokin da ke haramta wani jinsin kare kacokan ba. Holan ta haramta wani jinsi a 1993, ta janye haramcin a 2008 bayan an ga cizo bai ragu ba. Ni dai a aikina, duk mugun karen da na bi tarihinsa, na iske hannun mutum a ciki.

Kyanwa kuwa ba mai kawo ƙararta, shi ya sa aka fi yasar da ita. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, 'ya'yan kuma a kwali ake zuba su a kai bakin juji. Ita ma tana kamuwa da ciwon hauka, tana kuma yaɗa shi. Fiɗiya aiki ne na ɗan lokaci a hannun likita, amma sai mun yi ta roƙo kafin a kawo.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai nawa ne ni kaɗai. Akwai wani dattijo mai kare babba da ke tsallake katanga yana bin masu wucewa. Sau biyu na je. Duk zuwan yakan ce, "Ɗana, ka rufa mini asiri, gobe zan ƙara tsayin katangar." Na ji nauyinsa, ban rubuta komai ba, ban ba shi takardar gargaɗi ba, ban gaya wa Likita ba. Bayan 'yan makonni karen ya bi wata yarinya mai keke, ta faɗi ta karye a hannu. Da iyayenta suka zo, littafinmu ya nuna ba a taɓa kawo ƙarar karen ba. Na gaya wa Likita gaskiya a gabansu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kunyar da ka ji, wa ya biya ta?" Na je asibiti na duba yarinyar, na kasa haɗa ido da mahaifinta. Tun daga ranar nake rubuta kowace ziyara da kwanan wata, in ba mutum wa'adi a takarda, in kuma koma ranar da na ce zan koma. Ina gaishe da dattijo yadda ya kamata, in durƙusa in har ya kama, amma takardar tana hannuna.

A shekarata ta uku, muna allura a wata unguwa, na ɗaga kai daga littafi na ga mutumin nan da ya rantse bai san karen ƙarƙashin mota ba. Yana riƙe da shi da igiya, karen ya yi ƙiba, bakinsa ya fara furfura. Na yi tambayar da nake yi wa kowa a layin.

"Malam, karen wane ne?"

Ya ce, "Nawa ne. Rubuta."

Na rubuta sunansa da na karen, Likita ya yi allurar, na cike katin da ranar da zai dawo baɗi, na miƙa masa. Ya ninke shi ya sa a aljihun gaba, ya ja igiyar, na kira na bayansa.